Inna da Duwatsun Cluny

Shekarar da na haifi 'yata ta fari, Inna ta zo daga Damagaram ta yi mini wankan jego a Villeurbanne. In ban da aikin hajji, ba ta taɓa fita daga ƙasa ba. Ta iso da jaka cike da kanwa da garin kunu da busasshen ganye, kamar an ce mata yunwa ake yi a Faransa. Gidanmu ɗaki biyu ne a saman bene, kusa da layin taragon da ke zuwa jami'a. Kwana biyu da saukarta ta ƙwace madafa, ta ƙwace jaririya, ta bar wa maigidana kujera ɗaya a bakin taga.

Tun jirginta bai sauka ba ƙanena ya kira ni. Shi kaɗai ya rage tare da ita a gidanmu na cikin Birni, kuma maganarsa ɗaya ce, ɗakin Baba. Mahaifinmu baduku ne. Ɗakin nan soro ne na ƙasa mai rufin azara, a ciki yake ɗinkin fata, a ciki yake karɓar abokan hira. Bango ɗaya ne tsakaninsa da ɗakin Inna, kuma gadonta a jikin bangon yake. Lokacin da Baba yake raye, kowace shekara kafin damina shi yake yaɓe ɗakin da hannunsa, ba ya yarda a ɗauko magini. Shatin yatsunsa na nan ko'ina a jikin bangon, layi-layi, ciki da waje. Tun da ya rasu Inna ta hana a sake yaɓe, don sabon yaɓe zai rufe su. Ruwa ya yi ta cin gindin bango har ya tsage daga sama zuwa ƙasa, tsagar da hannu yake shiga. Maginin unguwa ya duba ya ce ɗakin ba zai ga ƙarshen damina mai zuwa a tsaye ba, kuma in ya tashi faɗuwa, wajen ɗakin Inna zai kwanta. Aka ce a rushe, ta ƙi. Aka ce ta koma wani ɗaki, ta ce a nan aka kawo ta tana amarya, daga nan za a fitar da ita.

“Yaya, ni dai na gaji,” in ji ƙanena. “Yanzu tana hannunki. In ta dawo ba ta yarda ba, ban san yadda zan yi barci ba in hadari ya taso.”

Ni ma barcin ya ƙaurace mini. Sai dai ni da Inna halinmu ɗaya, in muka kafe ko da igiya ba a jan mu. Na ɗauko maganar tana gasa mini nama, ta ce in ci in yi shiru. Na sake ɗaukowa tana yi wa jaririya wanka, ta ɗago ta dube ni ta ce ni da nake kwana a kan mutane, mutane suna kwana a kaina, me na sani game da ɗaki. Na ji haushi ƙwarai.

Maigidana Bamaradi ne, aikinsa harkar bututun ruwa, amma abin da ya fi so a duniya tsofaffin gine-gine. Lokacin da yake nemana, sauran samari suna kai 'yan mata cin abinci, shi kuwa kangon fadar wani sarki ya kai ni, muka tsaya cikin sanyi yana nuna mini inda ake zubo wa abokan gaba duwatsu. Na aure shi duk da haka. Tsakaninsa da Inna kuwa surukuta ce ta gaske. Ba sa haɗa ido, ba sa cin abinci a ɗaki ɗaya. Kowace safiya zai durƙusa a bakin ƙofar falo ya gaishe ta, gaisuwa mai tsawo, kansa a ƙasa, ita kuma tana amsawa tana kallon bango. A gida mai ɗaki biyu wannan aiki ne babba. Jaririya ce ta cece su. In yana son ya gaya wa Inna wani abu, sai ya dubi yarinyar ya ce, “Hajiya ƙarama, a gaya wa tsohuwa an samo mata gero a kasuwar Larabawa.” Inna kuma ta ce wa yarinyar a gaya wa Malam Allah ya yi albarka. Haka suka yi ta hira ta bakin wadda ko wuyanta bai tsaya ba.

Da muka yi arba'in muka hau jirgin ƙasa zuwa Paris, don a kai yarinya wajen yayar maigidana da ke zaune a Stains. Washegari ya ce bai kamata tsohuwa ta zo har Paris ba ta ga tsohuwar fadar Vincennes ba. Na ce to, ko banza ta sha iska.

Tun daga gada Inna ta fara rage tafiya. Ta leƙa ramin da ya kewaye ganuwa, ta dubi ƙofar shiga mai kama da zauren babban gida, ta yi sallama da ƙarfi kafin ta sa ƙafa, har mai karɓar tikiti ya ɗago kai. Maigidana ya goya yarinya a ƙirji irin yadda Turawa ke yi, ya shiga yi wa yarinyar bayani don Inna ta ji. Ya gaya mata sarakunan dā ne suka gina wannan doguwar hasumiya don su fake a ciki lokacin yaƙi, shi ya sa bangon ya yi kaurin da mutum zai kwanta a kansa, tagogin ƙasa kuma 'yan tsirara. Muka hau matakala mai murɗawa, Inna tana haki tana ƙin a riƙe ta. A kowane hawa akwai ginshiƙi ɗaya tak a tsakiyar ɗaki, daga kansa haƙarƙarin dutse suka rarrabu suka ɗauke rufin. Inna ta daɗe tana kallon sama, sannan ta ce wa jaririya ai wannan bakan gizo ne, irin na sorayen attajiran Birni, sai dai su da ƙasa da azara suke yi. Maigidana ya ji daɗi har ransa, shekara da shekaru yana neman mai saurarensa.

A wani ƙaramin ɗaki ne aka yi mini ɓarna. Bayan sarakuna sun bar wurin an mai da hasumiyar kurkuku, kuma waɗanda aka tsare sun bar zane-zane da rubuce-rubuce a jikin bango, wasu da launi, wasu karce kawai. Inna ta miƙa hannu za ta shafa, maigidana ya yi maza ya gaya wa yarinya a faɗa wa tsohuwa ba a taɓawa, hukuma ce take kula da su. Inna ta janye hannunta a hankali. Ba ta dube ni ba, amma da ni take.

“Ashe haka ne,” ta ce. “Shatin hannun ɗan kaso ma ba su shafe ba.”

Kafin la'asar ta sa an kira mata ƙanena. Ina jin ta daga madafa tana ce masa ta gani da idonta, Nasara ma da suka ƙera jirgin sama ba sa rushe ɗakin kakanninsu, sai mu masu wayon banza. Ba a jima ba wayata ta yi ƙara. Ƙanena ko gaisuwar kirki bai yi ba, ya ce, “Yaya, me kuka yi mata?”

Na tsare maigidana a bakin matakala na zazzage masa duk abin da ke cikina. Ya saurara, ya ba ni haƙuri, ya ce bai yi tunanin haka ba. Amma da muka koma Lyon, Inna da kanta ta riƙa tambayar jaririya ko Malam yana da wani tsohon gida da za a je gani ranar Asabar. Wane suruki ne zai ce a'a? Ya kai ta tsibirin da ke tsakiyar kogin Saône, inda ragowar wani gidan ibada yake cikin itatuwa. Ya kai ta wani tsohon gidan ibadar a Ambronay. Ya bayyana wa yarinya cewa mazan da suka zauna a irin waɗannan gidaje sun bar aure da dukiya ne, suka haɗu wuri ɗaya suna ibada da noma da kwafar littattafai da hannu. Inna ta ce masu halwa ke nan, Allah shi ya san bayinsa. Ba ta shiga inda gumaka suke, sai ta jira mu a tsakar gidan ibadar mai murabba'i da rumfar dutse ta kewaye. Wannan wuri ta so shi sosai. Ta ce maginin ya san mutunci, ya juya wa titi baya ya fuskanci cikin gida, kamar namu. Abu ɗaya ne ya dame ta a gine-ginen nan, indararo mai kan kare da buɗaɗɗen baki da ta gani a wata majami'a cikin Lyon. Ta ce ruwan sama rahama ne, bai kamata ya fito ta bakin kare ba.

Duk bangon da muka wuce sai ta bubbuga shi da tafin hannu, yadda ake bubbuga sa a kasuwa. Kowace Asabar ta dawo da sabuwar hujja, ni kuma kwanakin komawarta suna matsowa, damina tana bin su a baya. Wata rana ina shayar da yarinya na tuna gadon nan na ƙarfe a jikin tsagaggen bango, sai hawaye ya zubo mini a kan goshinta. Tsoro nake ji, tsoron a kira ni wata safiya a ce ɗaki ya faɗa wa uwata.

Asabar ta ƙarshe kafin tafiyarta maigidana ya ce Cluny za mu je. Na ce ba inda za mu, ɓarnar da ya yi ta isa. Ya ce wannan daban ce, ya ɗauki makullin mota. Har yau ban sani ba ko da niyya ya zaɓi wurin, na sha tambayarsa, dariya kawai yake yi.

Muka yi arewa ta cikin tuddai da gonakin inabi da fararen shanu. Cluny ƙaramin gari ne. Muka ajiye mota muka taka har wani fili mai shimfiɗar dutse, ga gidaje hagu da dama, ga mutane suna shan gahawa a bakin titi. Maigidana ya tsaya. Inna ta duba gabas ta duba yamma, ta ce wa jaririya a tambayi Malam ina ginin yake. Ya ce a gaya wa tsohuwa a cikinsa muke tsaye.

Ya nuna mata kututturan ginshiƙai a ƙasa, kowanne faɗinsa ya kai rumbu. Ya nuna mata wata hasumiya can nesa, bayan titi da gidaje, ya ce daga inda muke har can, har gaba da can, rufi ɗaya ne a dā. Tsawon zamani babu ɗakin ibadar Kirista da ya kai shi girma. Daga nan ake aika umarni zuwa gidajen halwa na ƙasashe da yawa. Da mutanen Faransa suka tumɓuke sarautarsu, aka watsa masu halwar, aka sayar da ginin ga 'yan kasuwa. Su kuma suka mai da shi wurin haƙar dutse, shekara da shekaru suna fasawa suna sayarwa, har sai da ya rage ɓangare ɗaya.

Inna ta zauna a kan kututturen ginshiƙi. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba tun da ta zo. Ta tambayi yarinya ko mutanen gidan ba su bar 'ya'ya ba ne, sai ta tuna da kanta cewa ba sa aure, ta girgiza kai. Muka shiga ɓangaren da ya rage, ta ɗaga kai tana neman ƙarshen rufin har mayafinta ya zame. Maigidana ya ce wa yarinya wannan hannu ɗaya ne kawai na ginin, jikin duk ya tafi. Inna ta ce Allah ya isar wa maginan. Ni kuwa na ce a raina shi ke nan, yau an ƙarasa ni, yanzu ta ga abin da rushewa take yi.

A hanyar komawa mota muka bi wani siririn lungu mai hawa. Gwiwoyin Inna suka gaza, ta jingina da bangon wani gida ta huta. Gida ne na talakawa, da tukwanen furanni a bakin ƙofa da shanyar kayan yara a sama. Daidai kafaɗarta akwai wani farin dutse da aka sassaƙa wa ganye, an kwantar da shi a gicciye cikin sauran duwatsun bango, rabin ganyen ya shige ciki. Ta shafa shi, nan ba wanda ya hana ta. Ta ce wa jaririya wannan dutse ba ɗan gidan nan ba ne.

Maigidana ya ce a gaya wa tsohuwa daga babban ginin ya fito. Mutanen gari ne suka riƙa sayen duwatsun suna gina gidajensu, har bargar dawakin da ke can ƙasa da su aka gina ta. Wasu ana ganinsu kamar wannan, akasarinsu kuwa suna cikin bango, shafe ya rufe su, masu gidan ma ba su san da su ba. Ana cikin haka wata tsohuwa ta buɗe taga a samanmu, ƙanshin soyayyar albasa ya biyo ta. Ta gaishe mu da Faransanci, Inna ta amsa mata da Hausa, ta tambaye ta gajiya da mutanen gida, suka yi wa juna murmushi, tsohuwar ta koma ciki.

Sai Inna ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka ɗaura mana aure. Ta juyo ta dubi maigidana ido cikin ido, ba ta bi ta kan jaririya ba.

“Malam, mutane suna kwana cikin duwatsun nan?”

Ya sunkuyar da kai. “Suna kwana, Inna. Suna girki, suna haihuwa.”

Muka shiga mota. Mun yi nisa, gonakin inabi suna wucewa, sai na ji Inna a baya tana magana da jaririya ƙasa-ƙasa. Tana gaya mata cewa a Birni ƙasar tsohon bango ta fi sabuwa kyau, in aka farfasa aka jiƙa aka kwaɓa da ciyawa, tubalinta ya fi ƙarfi. Ta ce ɗakin kakanki ma da ƙasar ɗakin kakarsa aka gina shi, tana amarya ta ga ana cuɗawa, ita ta riƙa kai wa maginan fura. Ni ban taɓa jin wannan labari ba. Na kafe idona a kan hanya, ban yarda na juya ba, don na san in na sa baki za ta fasa.

Da muka isa gida ta yi alwala ta yi sallar da ta riske mu a hanya, sannan ta ce in kira mata ƙanena. Ta ce masa ya nemo magini gobe. Ko tafi ɗaya na ƙasar ɗakin kada ya bar gidan, a jiƙa ta a tsakar gida a yi tubali da ita. Azarar da ba ta ruɓe ba a mai da ita. Kada a sa mata siminti, kada a sa mata kwano. A tada bangon a inda yake, don gadonta ba zai matsa ba.

“Ku rushe kafin in iso,” ta ce, “ba na son in gani. Amma yaɓen ƙarshe ku bar mini.”

Haka aka yi. Ta sauka ta tarar da sabon bango tsirara, tubali a fili, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ƙanena ya ce mata biyu na maƙwabta suka riƙa miƙo mata kwaɓi, ita kuma ta yaɓe duk inda hannunta ya kai, maginin ya ƙarasa sama. Daga shekarar nan kowace bazara ita take yi, ba ta yarda a taya ta a ƙasan bangon. Da na kai yarinya gida tana da wayo, na ga shatin yatsun Inna layi-layi a jikin bangon, sun fi na Baba ƙanƙanta, kuma ba su miƙe kamar nasa ba. 'Yata ta sa nata yatsun a ciki tana bi. Inna ta ce mata ta bi a hankali, kakanta yana ciki.

Inna ta rasu cikin sanyi, a kan gadonta, a jikin bangon nan, 'yata tana gab da gama firamare. Na je na yi zaman makoki na dawo. Da zafi ya fara a can gida, ina wurin aiki a Villeurbanne, ƙanena ya kira. Muka gaisa a taƙaice, sannan ya ce lokacin yaɓe ya yi, gindin bangon ya fara zubewa, yana son ya ji ta bakina.

Na ji a'a ta taso mini har maƙogwaro, da irin muryar Inna sak. Yatsunta ne a jikin bangon nan, su kaɗai suka rage mini. Na tashi na je bakin taga, na daɗe ina kallon tarago yana sauke ɗalibai, shi kuma yana jira bai katse ba.

“A yaɓe,” na ce masa. “Amma ku jiƙa ƙasa ku jira ni. Zan zo da yarinya.”